Kwana cikin tanti a gaɓar tekun da babu kowa: da me za mu fara?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Ni da abokina muna son mu yi kwana 3 ko 4 a wata gaɓar teku mai nisa, inda babu gari, babu famfo, babu banɗaki, mota ma ba ta zuwa. A ƙafa za mu tafi, kowa da jakarsa a baya. Mun saba kwana a daji, amma ba mu taɓa kwana a bakin teku ba. Wane irin tanti ya kamata mu saya, kuma me za mu kiyaye?"

Ɗan'uwa, zan zo kan maganar tanti, amma ka yi mini haƙuri in ajiye ta a ta uku. Na daɗe ina irin wannan tafiya, ban kuwa taɓa ganin wanda tantinsa ya jefa shi cikin halaka ba. Duk waɗanda na ga sun sha da ƙyar, ruwa ne ya rutsa da su: ko dai na teku ya iske su inda ba su zata ba, ko na sha ya ƙare musu. Sabon da kuka yi da daji zai taimake ku wajen juriya da ɗaukar kaya, sai dai akwai bambanci guda da ya kamata ya zauna muku a kai tun kafin ku ɗaure jaka. A daji, wurin da ka taka da safe yana nan da yamma. A bakin teku kuwa, ƙasar da kake tafiya a kanta aronta aka ba ka, kuma sau biyu a rana mai ita yakan zo ya karɓi abarsa.

Jan da wata da rana ke yi wa ruwa shi ke sa teku cikowa da janyewa. A mafi yawan gaɓoɓin duniya yakan ciko sau biyu ya janye sau biyu cikin sa'a 24 da minti 50, wato daga cikar ruwa zuwa ƙarshen janyewarsa akwai kamar sa'a 6 da minti 12. Wannan rarar ta minti 50 ita ke yaudarar baƙo. In yau ruwa ya gama janyewa ƙarfe 8 na safe, gobe sai 9 saura minti 10, jibi kuma sai 10 saura minti 20. Wanda ya ce "ai jiya war haka na wuce nan lafiya" ya fara yi wa kansa ƙarya ke nan.

Girman cikowar ma ba ɗaya ba ne kullum, kuma in kana bin kwanakin watan sama ka riga ka samu rabin karatun. Wajen tsayuwar wata da wajen daren 14 da 15, rana da wata da duniya suna kan layi ɗaya, jan nasu ya haɗu, sai ruwa ya hau sama fiye da kullum ya kuma janye nesa fiye da kullum. Abin yakan kai ƙarshensa kwana 1 ko 2 bayan waɗannan darare. Wajen 7 da 8 ga wata, da kuma 22 da 23, cikowar ƙarama ce. Sannan wuri da wuri sun bambanta ƙwarai: a yawancin Bahar Rum tazarar da ke tsakanin cikar ruwa da janyewarsa ba ta kai rabin mita ba, a mashigin Fundy na Kanada kuwa tana kai wa kusan mita 16. Akwai gaɓoɓin da cikowarsu biyu ta rana ba daidai suke ba, ɗaya ta fi ɗaya tsawo sosai, kamar gaɓar yammacin Amurka. Shi ya sa abu na farko da za ka nema, kafin tanti, kafin takalmi, shi ne jadawalin cikowar teku na tashar auna ruwan teku da ta fi kusa da inda za ku, na ainihin ranakun da za ku yi. Ka buga shi a takarda ka sa a leda. Waya tana mutuwa, tana faɗawa ruwa, yashi yana shiga ramin cajinta. Ka kuma tabbatar agogon da jadawalin ke bi shi ne agogon da ke hannunka, domin wasu ƙasashen suna tura agogo gaba da sa'a guda a lokacin bazara.

Akwai wani ɗan lissafi da matuƙan jiragen ruwa ke yi wanda nake so ka haddace. Ruwa ba ya hawa da gudu ɗaya cikin sa'o'in nan 6. Ka raba tazarar gida 12: sa'ar farko yana hawa kashi 1, ta biyu kashi 2, ta uku kashi 3, ta huɗu kashi 3, ta biyar kashi 2, ta shida kashi 1. Mu ce tazarar ranar mita 3 da santimita 60 ce. Sa'ar farko santimita 30 kawai zai hau, har ka ce wannan ruwan ba shi da niyya. Amma a sa'a ta uku da ta huɗu zai hau santimita 90 kowacce, rabin cikowar baki ɗaya cikin sa'a 2. A gaɓa mai shimfiɗa, inda sai ka yi tafiyar mita 50 kafin ƙasa ta ɗaga mita 1, wannan santimita 90 ta cinye maka fili mai faɗin mita 45 ke nan. Yawancin waɗanda ruwa ke tarewa, sa'ar farkon nan ce ta ruɗe su.

Inda abin ke zama na rai da mutuwa shi ne wuraren da dutse ya tsaya tsaye a gefe guda, teku a ɗaya gefen, hanya kuwa ɗan siririn yashi ko duwatsu ne a tsakani. Gaɓar Lost Coast da ke arewacin Kalifoniya misali ce mai kyau. Daga bakin kogin Mattole zuwa kusa da Shelter Cove tafiyar kamar kilomita 40 ce, kuma a cikinta akwai wurare 3 da ba sa wucuwa in ruwa ya ciko, biyu daga ciki kowanne ya haura kilomita 6. Ka ga ba wurin da za ka ce bari in ruga da gudu ba ne, balle da jaka mai nauyi a kan duwatsu masu santsi. Ƙa'idata a irin wannan wuri ita ce in shiga alhali ruwa yana kan janyewa, kamar sa'a 2 ko 3 kafin ya gama, in kuwa na makara, in zauna in jira na gaba ko da zai ci mini yini. A gaɓar gandun Olympic da ke jihar Washinton an kafa alamu masu launin ruwan lemo da baƙi a inda ake barin yashi a hau tudu da igiya don a zagaye irin waɗannan duwatsu, amma akwai waɗanda ba su da zagaye, sai dai jira. In kana son ka gane cewa taka busasshiyar ƙasa ba tsira ba ce a irin wannan gaɓa, dubi asalin hanyar West Coast Trail mai tsawon kilomita 75 a tsibirin Bankuba na Kanada. A watan Janairu na 1906 jirgin ruwan Valencia ya faɗa kan duwatsu a wajen, mutum fiye da 100 suka mutu, gaɓa tana kusa da su amma babu hanyar da masu ceto za su bi su iso. Bayan nan ne, a 1907, aka shiga gyara hanyar don ceton waɗanda jirgi ya kife da su. Yau masu yawo ke binta.

Kada kuma ka ɗauki jadawali a matsayin alkawari. Lissafin wata da rana kawai ya yi, bai san da hadari ba. In nauyin iska ya ragu, teku yakan ɗaga, kusan santimita 1 ga kowane miliba 1 (ma'aunin nauyin iska) da ya ragu. Iskar da ke busowa daga teku tana tura ruwa gaba. Guguwar da aka yi can nesa kwanaki da suka wuce tana aiko da manyan igiyoyi ko da sama garau take a inda kake. Wani lokaci za ka ga igiyoyi ƙanana sun jera na minti 15 ko 20, sai guda ɗaya ta taso ta wuce su duka da mita da yawa. Don haka ba na juya wa teku baya in ina kan jiƙaƙƙen yashi, ba na kuma zama a kan gungumen da ruwa ke iya taɓawa, domin ruwa kaɗan ya isa ya ɗaga ƙaton gungume ya mirgina shi a kan ƙafar mutum.

To, ina za a kafa tantin? In kun isa, ajiye jaka, ka yi tafiya a gaɓar ka karanta ta. Za ka ga layin ciyawar teku da ƙirare da tarkace a kwance. Nan ne iyakar inda ruwa ya kai a cikowar baya. Sau da yawa layukan biyu ne ko uku, to na can sama shi ne abin dubawa. Ni kaina na taɓa cin wannan kashin. Na kafa tantina taku 10 sama da layin daren jiya, yashin a bushe ƙamas, na kwanta ina ganin na yi dabara. Na manta 12 ga wata ne, kowane dare ruwa yana ƙara hawa kan na jiya. Cikin tsakar dare sai na ji ƙarar ruwan ta sake, ta dawo kamar a kunnena; ina haska tocila na ga kumfa tana lasar igiyar tanti. Haka na tumɓuke shi da kayan ciki na ja shi sama cikin duhu, takalmina ƙafa ɗaya kuwa har yau yana wajen teku. Tun daga ranar, busasshen yashi ba ya isata shaida. Abin da nake nema shi ne inda tsiron tudu ya fara fitowa, domin shi ba ya rayuwa inda ruwan gishiri ke zuwa a kai a kai. In kafa dab da shi, ba a kansa ba, saboda saiwar wannan ciyawa ce ke riƙe tudun yashi, in aka tattake ta iska ta kwashe shi.

Abu biyu kuma. Kada ka kwana a gindin tsayayyen dutse ko gangare mai zaftarewa. In ka ga sababbin duwatsu a zube a ƙasa, daga sama suka zo, kuma 'yan'uwansu suna nan tafe. Sannan kafin duhu ka gano hanyar da za ka bi ka hau tudu, ka taka ta da ƙafarka sau ɗaya. In ƙasa ta yi girgiza mai ƙarfi ko mai daɗewa, ko ka ga teku ya janye janyewar da jadawali bai faɗa ba, bar komai ka hau sama nan take. A tsunamin 26 ga Disamba 2004 a tekun Indiya, a wurare da dama ruwa ya fara janyewa ne, mutane suka sauka kallon ƙasan teku. Igiyar farko kuma ba lallai ita ce babba ba, saboda haka ba a saurin saukowa.

Na biyu, ruwan sha. Kowace lita ta ruwan teku tana da gishiri kamar giram 35, abin da ya fi ƙarfin ƙodar ɗan Adam. Sai jiki ya fitar da ruwan da ya fi wanda ka sha kafin ya rabu da gishirin. Matatar ruwa ta matafiya ba ta cire gishiri, tafasawa ma ƙara shi take yi. Mai tafiya da kaya yana bukatar lita 3 zuwa 4 a rana, fiye da haka in ana zafi, kuma kowace lita kilo 1 ce. Kwana 4 ke nan kilo 16 na ruwa zalla ga kowannenku, wanda ba abin ɗauka ba ne a kan yashi. Ashe ke nan ƙoramu ne za su tsara muku inda za ku kwana, ba kyan wuri ba. Ƙoramar da ke kan taswira tana iya zama busasshiya a lokacin rani, don haka a tambayi masu kula da wurin ko wanda ya dawo kwanan nan. In kun same ta, kada ku ɗiba a bakinta, domin teku yana tura ruwan gishiri ciki in ya ciko, ya zama zartsi. Ku bi ta sama har inda take gangarowa, ku ɗanɗana. Sai a tafasa ya yi minti 1 yana ɓararraka, ko a tace. Matata mai ramuka mikiron 0.1 ko 0.2 tana tare bakteriya da ƙwayoyin cutar gudawa irin su jiyadiya, amma ba ta tare bairos. Ƙwayar kulorin kuma ba ta cika kashe wata ƙwayar cutar gudawa mai suna kiriftosforidiyom ba. Tafasawa ce ke gamawa da su duka. Ruwan da ya yi launin shayi saboda ganyaye ba lallai mugu ba ne, garai-garai ɗin ma ba lallai mai lafiya ba ne. Kullum ka bar lita 1 da ba a taɓawa sai an ga ƙorama ta gaba da ido.

Yanzu ga tantinka. Nemi gajere, mai zagayayyen kai, wanda sandunansa ke gittawa har ya iya tsayuwa da kansa, mai rufi biyu: na ciki mai raga, na waje mai tare ruwa wanda ke sauka har kusa da ƙasa. Dogon tanti da ake miƙewa tsaye a ciki, iskar teku filafilai take mai da shi. Rufi biyun kuwa saboda laima ne; iskar bakin teku cike take da danshi, numfashinku zai taru a jikin rufin ya riƙa ɗiga, sai a bar 'yar kafa a sama ko da ana sanyi. Ragar ta zama mai ƙananan ido, saboda ƙyashi yana ratsa ragar sauro kamar babu ita. Amma gaskiyar magana, tsadar tanti ba ta kai iya ɗaure shi muhimmanci ba. Siraran turakun da ake sayar da shi da su ba sa kama yashi. Abin da ake yi shi ne a ɗaura igiya a tsakiyar sanda mai tsawon kamu 2, ko a ƙaramin buhu cike da yashi, a haƙa rami mai zurfin kamar santimita 30, a kwantar da shi a gicciye, a binne a tattake. A kan tsakuwa, sai a ɗaura igiyar a ƙaramin dutse a danne ta da babba a gabansa. Ka juya ƙunƙuntar gefen tanti wajen iska, ƙofa kuma ta ba ta baya. Ka sani da rana iska daga teku take zuwa, da dare sau da yawa takan juyo daga tudu, saboda haka a ɗaure kowane gefe. Yashi da gishiri su ne ajalin zif. In kun dawo gida a wanke tanti da sandunansa da ruwan daɗi, a shanya ya bushe sarai kafin a naɗe.

Mutane suna raina sanyin bakin teku. Ko gaɓar Namibiya, da hamada ce zalla, tana kwana cikin hazo mai sanyi saboda ruwan Bengela da ke biyo ta daga kudu. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 na yadda iska ke yi, kuma da zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35 an shiga haɗari. Jiƙaƙƙiyar rigar auduga da iska sun isa su kai mutum can ba tare da ƙanƙara ba. Ka sa ulu ko yadin roba, ka ware kaya guda na barci a cikin leda wanda ba ya fitowa sai cikin tanti, ka kuma shimfiɗa 'yar katifa, domin yashin da ya ƙona maka ƙafa da rana shi zai sha ɗuminka da dare. In abokinka ya fara karkarwa, magana tana harɗe masa, hannu ya kasa ɗaure igiya, a tsaya a canja masa kaya a ɗumama shi, kada a ce bari a ƙarasa.

Girki a kan ɗan risho na gas ya fi, kuma ba a cikin rufaffen tanti ba, saboda iskar kabon monoksaid ba ta da wari, barci kawai take sa mutum har ta kashe shi. In an yarda da hura wuta a wurin, a hura ƙarama a kan yashi nesa da tarin gungume, kada a kewaye ta da jiƙaƙƙun duwatsu don suna fashewa, kada a gasa abinci a hayaƙin itacen da ya sha gishiri. A kashe ta da ruwa har toka ta huce a hannu. Binne garwashi da yashi mugunta ce ga wanda zai taka gobe ba takalmi.

Dabbobi sun danganta da ƙasa. A Lost Coast da gaɓar Olympic doka ce a zuba abinci cikin ƙaƙƙarfan mazubin da beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai ƙarfi, ba ta iya buɗewa. A arewacin Ostareliya, inda kadan ruwan gishiri yake, hukuma tana cewa a kafa tanti aƙalla mita 50 daga bakin ruwa. A ko'ina dai ɓeraye da hankaki za su huda jaka, don haka abinci ba ya kwana a tanti. In gaɓar ta kunkurun teku ce masu zuwa yin ƙwai, farin haske yana ɓatar da su da 'ya'yansu, a yi amfani da jan haske. Ban ba ka shawarar cin kawa ko makamantanta da ka tsinta ba. Dafin da sukan ɗauka daga wasu tsirran ruwa dafuwa ba ta kashe shi.

Bayan gida: rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, nesa da ƙorama da mita 60. Wasu wuraren, kamar Lost Coast, a jiƙaƙƙen yashi inda teku ke wankewa suke so a haƙa. Wasu kuma sai dai ka ɗauko abinka a leda ta musamman. Ka bi dokar wurin. Haka maganar izini: a Norwe dokar 1957 ta ba kowa damar kafa tanti a ƙasar da ba a nomawa har dare 2, muddin ya nisanci gida da mita 150, Sikotilan ma tana da irin wannan dama tun dokar 2003, a gandaye da yawa na Amurka da Kanada kuwa sai da takardar izini, kuma guraben sukan ƙare tun da wuri.

Kada ka dogara da sabis ɗin waya a bayan duwatsu. Akwai 'yar na'urar neman agaji mai aika sigina a mita 406 megahaz zuwa taurarin ɗan Adam na tsarin ceto na ƙasa da ƙasa mai suna Cospas-Sarsat. In za ku yi nisa, ku saya ko ku yi haya, ku yi mata rajista. Ko da ita, ka bar wa wani a gida takarda: inda za ku shiga, inda za ku fita, inda za ku kwana kowane dare, da ranar da sa'ar da in bai ji ku ba zai kira hukuma.

Da ni ne ku, ba zan fara da kwana 4 ba. Zan zaɓi dare 1, wajen 7 ko 8 ga wata, a gaɓar da ba ta fi tafiyar sa'a 2 daga inda mota ta tsaya ba, wadda ke da hanyar tudu ta komawa. Ku isa da sauran rana. Kafin magariba ka soka sanda a inda kake zaton ruwa zai tsaya bisa jadawali, ka sa agogo ya tashe ka a lokacin cikarsa, ka fito da tocila ka ga tazarar da ke tsakanin zatonka da inda ya kai. Lissafin tafiyar yini kuma ka rage shi: a kan yashi mai laushi da duwatsu, kilomita 2 a sa'a tafiya ce mai kyau ga mai jaka.